Sufeto da Saniyar Aro

Bayan Malam Ɗalha ya ajiye koyar da lissafi a sakandare, mutanen Gwandu sun ɗauka zai koma gona da zaman majalisa kamar sauran tsararsa. Shi kuwa sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya koya wa kansa rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python, da farko don kashe zaman banza, daga baya abin ya shiga jininsa. Ƙungiyar makiyayan yankin ya rubuta wa wata 'yar manhaja. Ana shigar da kowace saniya da mai ita da lambar wayarsa, in lokacin allurar ciwon huhu ya yi sai saƙon tes ya tafi, a gaya wa mutum ranar da malamin dabbobi zai zo da inda za a tara shanu. Abu ya karɓu, aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙanensa Zayyanu ya shigo, shi kuma Zayyanu ya jawo Khairiyya.

Khairiyya ɗiyar farin Malam ce. Mu da ba mu haife ta ba muna iya kiran sunan, shi kam bakinsa bai taɓa ɗauka ba. A gidansu, kamar gidajen Fulani da yawa a wannan yanki, ɗan fari na kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a yabonsa, ba a ma nuna an san yana wurin. Tun da aka yaye ta aka kai ta Kalgo wurin yayarsa Hajjo, can ta girma, can ta yi karatun kwamfuta har jami'a. In ta kama dole Malam ya ambace ta sai ya ce "mutanen Kalgo", kai ka ce unguwa guda yake nufi. Ita kuma in ta zo gaisuwar salla daga bakin ƙofa take durƙusawa, ya amsa yana kallon akuyar da ke ɗaure a tsakar gida.

Da aiki ya haɗa su sai aka raba. Malam ke da ɓangaren shanu da masu su, Khairiyya ke da ɓangaren tura saƙo, Zayyanu yana tsakiya, yana karanta na kowa, yana kai magana yana kawowa. Akwai kuma gaskiyar da Malam ba zai faɗa ba ko an shaƙe shi: yanzu don ita yake son aikin. Kowace safiya in ya buɗe kwamfuta ya ga sunanta a kan gyaran da ta turo jiya, sai daɗi ya rufe shi har kununsa ya huce. Duk faɗin duniya ba shi da inda yake haɗuwa da ɗiyarsa sai nan, kuma ya san in ta bar aikin sai dai salla zuwa salla.

Ana nan sai Zayyanu ya sami aiki a Sakkwato ya tattara ya tafi. Ba a daɗe ba Sufeto ya bayyana.

Dama akwai gwaje-gwajen da ke tashi da kansu duk sa'ad da wani ya tura gyara. In komai lafiya alama ta yi kore, gyaran ya shiga cikin manhajar. In da matsala ta yi ja, a tare shi a ƙofa. Malam ya saba da waɗannan, don shi ya rubuta yawancinsu, kuma sun san girmansa. Abin da Khairiyya ta ƙara shi ne mai duba nau'i. Wannan ba ya ko kunna manhajar. Rubutun kawai yake bi layi layi, yana tambayar kowane abu ko shi mene ne: lamba ce, kalma ce, guda ɗaya ne ko tari, ko kuwa akwai ranar da zai zo hannu wofi. In aka miƙa wa wani sashe abin da ba irinsa ya ce yana karɓa ba, sai ja. Ta rubuta ɗan bayani mai ladabi a kan shafin aikin, ba ta ambaci kowa ba, ta ce an ƙara wannan cikin gwaje-gwaje, Allah ya sa a dace.

Malam ne ya raɗa masa suna. Ya ce tun zamanin da yake riƙe da alli bai ga mai shiga aji ba sallama yana bincike irin wannan ba sai sufeton makarantu, shi ma wancan in an ba shi ruwan sanyi yakan sassauta. Wannan kuwa ba ya shan ruwa. Gyaran farko da Malam ya tura, ja ya zubo kamar barkono a shanya. A wani wuri ya bar shekarun saniya su zama lamba, a wani wurin kuma su zama magana, don makiyayi in ka tambaye shi shekarun saniyarsa cewa zai yi ta haihu biyu, ko ta fid da haƙora. Sufeto ya ce a zaɓi ɗaya. A wani wuri kuma ya ce akwai saniyar da za ta iya zuwa ba lambar waya, me aka tanada mata? Malam ya ce an tanada mata haƙuri.

Ya kai ƙara wurin matarsa Habiba, ya ce mutanen Kalgo sun ɗauko inji sun sa shi yana yi masa gyara a gaban jama'a. Jama'ar nan kuwa mutum biyu ne, da shi da mutanen Kalgon. Habiba, wadda kunyar tata ta ninka tasa tun da ita ta haifa, ta ci gaba da tankaɗen garinta, ta ce ita ba ta san kowa a Kalgo ba sai Adda Hajjo, kuma ba ta ji an ce Adda ta sayi inji ba.

Haka ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa yana mita. Wasu ya yarda a ransa cewa gyaran na da kyau, amma bai yarda a fuska ba. Abin da ya fi ci masa rai ba gyaran ba ne. Tunanin da ya riƙa dawo masa shi ne, yarinyar ta ga hannunsa ya tsufa, kunya ta hana ta faɗa, shi ne ta yi hayar bakin da ba shi da kunya.

A kan haka kaka ta yi. An yanke gero da dawa, shanu na kiwon kara, an kusa gangarawa da su fadama, kuma malamin dabbobi ya sa ranar zagayen allura kafin su watse. Sai ga Sambo, wani dattijon makiyayi daga Ceberu, ya yi sallama da Malam da ƙorafi. Bara ya ɗaura wa amininsa na Dangoma karsana, irin aron nan da Fulani ke kira haɓɓanaye: ka ba ɗan'uwanka ko abokinka saniya ta zauna garkensa, ya sha nono, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, daga baya uwar ta dawo gida. To, saƙon allurar da ta wuce, shi Sambo ya zo wa, yana Ceberu, saniya kuwa tana Dangoma. Kafin ya sami wanda zai kai magana malamin dabbobi ya wuce. Kuma ba shi kaɗai ba ne, kusan kowane garke akwai ta aro a ciki.

Malam ya ji kunyar abin, don shi ma da saniyar aro kakansa ya tayar da garke. A ranar ya zauna ya gyara. Sashensa mai nemo lambar waya, wanda a da yake ba da lamba ɗaya, yanzu in saniyar ta aro ce sai ya ba da biyu, ta mai ita da ta mai riƙonta, ya miƙa wa sashen Khairiyya ya tura. Ya duba aikinsa ya ga ya yi kyau. Ya tura. Tsofaffin gwaje-gwajensa duk suka yi kore, suka ba shi hanya da ladabi.

Sufeto ya tare ƙofa da ja guda ɗaya tak. Ya ce sashen tura saƙo lamba ɗaya ya ce yana karɓa, ga shi ana iya miƙa masa biyu a ƙulle.

Malam ya ce ai shi ma ya sani, shi ya ƙulla su. A saninsa Python ba ta da tsirfa, abin da ka ba ta shi take ɗauka. Ya sake turawa ko Sufeto ya huce. Bai huce ba. Ranar allura na matsowa, gyara na tsaye a ƙofa, kuma mabuɗin shafin a hannun Malam yake, don shi ya kafa shi. Da danna abu ɗaya zai cire Sufeto daga cikin gwaje-gwajen baki ɗaya. Ko kuma ya rubuta ɗan umarni a gefen layin, ya ce a kau da kai daga nan. Har ya kai hannu, sai ya ga ya kamata ya nemi wanda zai ce masa ya yi daidai, ya kira Zayyanu.

Zayyanu ya saurare shi har ya gama, ya yi dariyar da ƙane kan yi wa wa in akwai nisa tsakaninsu, sannan ya daina dariyar.

"Yaya, mabuɗi na hannunka, ba mai hana ka. Kuma ka san ta, ba ta cewa komi. Amma akwai wani kamfani na Legas da sunka daɗe suna kiranta, tana ta ja musu rai. Ran da tag ga an kashe abin da tas sa ba a ko tambaye ta ba, ta gane ba a son hannunta cikin aikin. Sai ta zo ta gaishe ka da kyau, ta tahi."

Malam ya ce to shi Zayyanun ya kira ta ya ji mene ne matsalar. Zayyanu ya ce shi yanzu yana da nasa shugaban mai nasa jan, kuma rabonsa da buɗe manhajar tun da ya bar gida, in ya shiga tsakani ɓata zai ƙara yi. Ya ce a gai da Habiba, ya kashe waya.

Malam ya daɗe zaune da kwamfuta a cinya. Tsoro ya ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka ce masa Khairiyya, tana jaririya, ba ta da lafiya yana zaune a waje yana yi kamar bai ji ba. Ya rubuta mata saƙo? Da wane baki, kuma ya fara da wace kalma? Ya kira ta? Lambarta na cikin wayarsa da sunan "Kalgo 2", bai taɓa dannawa ba. Washegari da hantsi ya sa kwamfuta a jaka, ya ɗaure bayan babur, ya ce wa Habiba zai je gai da Adda Hajjo, an kwana biyu. Habiba ta ce lallai kam an kwana biyu, ta ƙulla masa daddawa ya kai mata.

Ya bi ta Dalijan, ya ratsa Birnin Kebbi, duk hanya yana shirya jawabi yana rushewa. Kafin azahar ya shiga Kalgo.

Ya tarar da Hajjo tana turara shinkafa, ƙatuwar tukunya a kan murhu, wadda aka sauke an baza a tabarmi tana shan rana. Hajjo irin yayyen nan ce da har gobe suke ganin ƙanensu da majina a hanci, ko da furfura ta cika masa gemu. Da sallamarsa aka ji motsi, labulen ɗakin da ke gefen rumfa ya sauka, daga bayansa wata murya ta yi gaisuwa a hankali. Malam ya amsa wa bishiyar dogon yaro. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya sha ruwa, ya ba da daddawa, aka tambayi mutanen Gwandu ɗaya ɗaya har da waɗanda suka rasu. Sannan ya zaro kwamfuta.

Hajjo ta dube shi, ta dubi labule, ta gane ba ita aka zo gaisarwa ba. Ta jawo 'yar kujerarta ta dasa a tsakani, ta zauna ta harɗe hannu.

"Adda," in ji Malam, "ki hwaɗa ma mutanen gidan ga, Sufeton da sunka ɗauka aiki ya tare man hanya, ga ranar allura ta matso."

Tsakanin tabarmar da labulen bai fi a miƙa wa juna ƙwarya ba, kuma ba kurma a gidan. Duk da haka Hajjo ta juya ta maimaita da ƙarfi, har da ƙarin cewa ga shi nan duk ya rame. Daga ɗaki aka ce a gaya wa Baba an gani, an yi ta tunanin yadda za a yi magana ba a samu ba. Hajjo ta juyo ta isar. Malam ya shiga bayanin saniyar Sambo, da Ceberu da Dangoma, da lamba biyu. Hajjo ta isar da wannan ma, don maganar aro ta san ta fiye da su duka. Amma da aka shiga sunayen sassan manhaja da abin da kowanne ke karɓa da abin da yake mayarwa, sai aikin tafinta ya fara gajarta. Malam ya yi doguwar magana, Hajjo ta juya ta ce, "Kin ji abin da yac ce." Ɗaki ya yi doguwar amsa, ta juyo ta ce, "Ka ji abin da tac ce." Can ta shaƙi iska ta ce shinkafarta na kamawa, ta tashi ta nufi murhu, ta bar kujera.

Ba wanda ya nuna ya lura. Malam ya ci gaba da cewa "Adda" yana kallon kujera, Khairiyya ta ci gaba da cewa "Goggo" daga bayan labule, kujera kuwa ta riƙe amanar kowa.

A nan ne Malam ya ji abin da ya sa gumi ya keto masa a inuwa. Sashenta, in ji ta, yakan ɗauki lamba ya cire sifirin farko ya liƙa lambar ƙasa kafin ya tura. In aka ba shi biyu a ƙulle, nan zai yi tuntuɓe ya faɗi, kuma ba saƙon wannan saniyar kaɗai zai tsaya ba, duk shanun da ke bayanta a layi ba wanda zai ji labarin allura. Gwaje-gwajen Malam ba su gani ba ne don duk shanun gwajin da ya ƙirƙira ba ta aro ko ɗaya a cikinsu. Da ya kashe Sufeto jiya, da zagayen bana ya tsaya a kan saniyar Sambo.

Malam ya yi gyaran murya. Ya ce wa kujera ai abu ne mai sauƙi, dama ya yi tunaninsa a hanya: sai ya kwance ƙullin, ya kira sashen nasu sau biyu, kowace lamba da tafiyarta, Sufeto ba shi da ta cewa. Daga ɗaki aka ce gaskiya ne Sufeto zai yi shiru, amma mai riƙon saniyar ba zai sami komai ba. Sashen yakan sa wa saniya alama da zarar saƙonta ya fita, ya ƙi tura na biyu, tun lokacin da makiyaya suka yi kukan ana damunsu da maimaici.

"Goggo, na rubuta bayanin haka can sama, da an buɗe fayil ɗin shi za a fara gani."

Malam ya dubi kujera, kujera ba ta taimake shi ba.

"Adda," ya ce a hankali, "ni ban taɓa buɗe shi ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk tsawon aikin nan sunanta yake gani a kan gyara, ya ji daɗinsa, ya wuce. Ya buɗe rubutunta ya zauna yana karantawa, wannan a wurinsa daidai yake da ya ƙura mata ido a tsakar gida. Bayan ɗan jim aka amsa daga ɗaki cewa ita ma ba ta taɓa buɗe nasa ba, ta ga kamar shiga ɗakin Baba ne ba izini. Ka ji masu ilimi. Mutum biyu sun tayar da gini ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana jera nasa bulo, mai duba musu kusurwa ya tafi Sakkwato, su kuma suna ta jerawa.

Sai murya ta sake fitowa daga bayan labule.

"Goggo, a ba Baba haƙuri. Ban sa abin ga don kowa ba, don kaina nis sa shi. Tun da Baffa Zayyanu yat tahi, ba wanda yak karanta layi guda nawa. Ina turawa shina wucewa, ban san daidai na yi ba ko ɓarna. Shanun mutane na, tsoro nika ji. Na so a samu mai ce man na yi kuskure, ko da inji na."

Kunya ta kama Malam, ba irin ta ɗan fari da ake ado da ita ba, ta gaske mai zafi, tausayi kuma ya biyo bayanta. Shi yana can Gwandu yana fushin an sa masa mai gyara, ita tana nan tana neman mai gyara ido rufe. Ya gane kuma ko bai taɓa Sufeto ba tafiya za ta yi wata rana, don a can Legas ɗin akwai wanda zai zauna ya karanta abin da ta rubuta.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ita daga ɗaki ta canza sashenta ya riƙa karɓar jerin lambobi, ko ɗaya ko biyu, ya sa alama a kan kowane mutum maimakon kan saniya. Shi daga tabarma ya sa nasa ya riƙa ba da jeri kullum, ya rubuta hakan ƙarara a kan sashen yadda Sufeto ke so, ya ƙara saniyar aro cikin shanun gwaji, ya sa mata suna ta Sambo. Suka tura. Sabis ɗin Kalgo ya yi ta jan ƙafa, alama na juyawa, mutum biyu na kallon abu ɗaya a allo biyu. Can aka ce daga ɗaki, "Goggo, ta yi tsanwa." Hajjo daga bakin murhu ta ce madalla, ko ma mece ce.

Aka kira azahar, Malam ya je masallacin unguwa ya dawo. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi ya ci. Abin da ya kawo shi ya ƙare, hanya na da nisa, Hajjo har ta fara auna masa shinkafar da zai kai wa Habiba. Shi kuwa sai ya koma kan tabarma, ya sake buɗe kwamfuta. Ya ɗan dubi hagu da dama kamar mai shirin satar nama a tukunya, ya danna fayil ɗinta.

Bayanin na can sama kamar yadda ta ce. Ya karanta shi, ya gangara. Rubutu ne mai tsabta, kowane abu da sunansa na hankali, inda ta ji tsoro ta sa kariya, inda ba ta tabbata ba ta rubuta cewa ba ta tabbata ba. A wasu wuraren ya ga dabarar da shi bai sani ba, ya koma ya sake karantawa har ya gane. A wani wurin ya ga ta warware abu ta doguwar hanya, sak yadda shi ma yake yi, ba wanda ya koya mata. Ƙirjinsa ya cika, ya ji in bai yi hankali ba zai yi abin da dattijo ba ya yi a gidan yayarsa. Inuwar dogon yaro ta matsa, ya ja tabarma ya bi ta. Daga ɗaki ba a ko tari, don shafin yana nuna mata wanda ke ciki.

Can wajen ƙasa ya tsaya. Ta rubuta cewa in saƙo ya fita bai isa ba zuwa faɗuwar rana, a bar shi, a ɗauka lambar ta mutu. Sufeto bai ga laifin wannan ba, don kowane abu nau'insa daidai yake. Amma wayar ruga takan kwana da kwanaki a mace a cikin jaka, sai ranar kasuwa a kai ta caji. Yarinyar da ta tashi a gidan da ke da sola ba za ta san haka ba sai an gaya mata.

Ya ɗaga kai don ya ce "Adda", sai ya ga Hajjo ta daɗe da ɗauke kujerarta, tana can gindin murhu a kai tana kwashe shinkafa. Ba kowa tsakaninsa da labulen. Ya shafa gemu. Sannan, yana kallon allo, da muryar da ta fi ta kullum kauri, ya ce:

"Nan kin yi kuskure."

Ludayin Hajjo ya tsaya a cikin tukunya. Labule ya ɗan motsa. Da amsa ta fito ana jin hawaye a cikinta, ana jin murna.

"Na'am, Baba. Wane wuri?"

Ya gaya mata wurin, ya yi mata bayanin wayar ruga da ranar kasuwa, a gajarce, yana sauri kamar mai tsallake garwashi. Ya ji ƙarar madannai daga ɗaki, tana gyarawa. Ƙarar ta tsaya.

"Baba, akwai wani?"

Malam ya dubi rana, ya dubi babur ɗinsa da ke jingine a zaure da ƙullin shinkafa a bayansa. Ya gyara zama, ya jawo kwamfutar kusa.

"Akwai," ya ce.